Mangwaron da ya raba maigidana da sigari yana neman kama mini ɗa

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekararmu 18 da aure, 'ya'yanmu huɗu. Tun kafin a ɗaura mana aure maigidana yake shan taba sigari, kwali guda a rana, wani lokacin har da ɗori. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kai ƙara wajen Hajiyarsa, duk a banza. Yakan rage da azumi, amma kafin a gama yawon Sallah ya koma. Bara tari ya matsa masa, likita kuma ya ce jininsa ya hau. Sai wani abokinsa ya ba shi sigarin lantarki mai ƙamshin mangwaro. Yau wata bakwai ke nan ban ga kara a hannunsa ba. Tarin asuba ya ragu, warin da ke kama labule da kayan sawa ya tafi. Na yi ta hamdala.

To sai ga wata sabuwa. Makon jiya zan wanke kayan babban ɗanmu mai shekara 15, na tsinci irin na'urar a aljihun wandonsa na makaranta, tasa mai kankana ce. Da na tsare shi sai ya ce ai ba taba ba ce, ƙamshi ne kawai, kuma Baba ma yana sha. Autarmu mai shekara 4 ma ta taɓa cewa in ba ta "alewar Baba". Raina ya ɓaci, na ce wa maigidan ya fitar mini da abin nan daga gida. Ya ce ya taɓa gwada mai ɗanɗanon taba zalla, cikin kwana uku sha'awar sigari ta taso masa, mangwaron ne yake riƙe da shi. Ya ce in na matsa zai yar, amma kada in yi kuka in na ga ya koma gidan jiya. Yayana kuma ya ce duk kanwar ja ce, da sigarin da na lantarkin. Anti, gaba kura baya sayaki. In ƙyale uban in rasa ɗan, ko in matsa wa uban ya koma wa sigari?

Uwar 'ya'ya huɗu, Kano

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya saka miki da alheri kan haƙurin shekara 18, Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Duk uwar da ta taɓa sa hannu a aljihun ɗanta ta taɓo abin da ba ta zata ba ta san irin faɗuwar gaban da kika ji, don haka ban ga laifinki ba da ranki ya ɓaci. Sai dai ina so ki sassauta wa kanki, domin babu wanda ya ce sai kin sadaukar da ɗaya kafin ki tsirar da ɗayan. Mutum biyu ne a gidanki riƙe da na'ura iri ɗaya, amma halin da suke ciki ya sha bamban. Maigidanki yana kan hanyar fitowa daga abin da ya ɗaure shi kusan rabin rayuwarsa. Ɗanki kuwa yanzu yake sa ƙafa. Idan kika yanke musu hukunci ɗaya, dole ɗayansu ya cutu.

Bari in fara da maganar Yayanki, don na san ita ce take ƙara rikita ki. Yana da niyya mai kyau, amma a nan bai dace ba. Abin da ke kashe mai shan sigari ƙonawa ce. Idan aka kunna wa ganyen taba wuta, hayaƙin yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji, ga kwalta da ke liƙe wa huhu, ga iskar kabon monoksaid da ke hana jini ɗaukar isasshiyar iskar numfashi. Tun a 1976 wani likita a Ingila mai suna Michael Russell ya bayyana cewa nikotin ne yake sa mutane shan taba, amma kwaltar ce take kashe su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana hallaka mutum sama da miliyan 7 a kowace shekara, kuma tana iya kashe har rabin waɗanda suka ƙi bari. Sigarin lantarki ba ya ƙona komai. Batiri ne yake ɗumama wani ruwa mai ɗauke da nikotin da gilisarin da sinadarin ƙamshi, ya zama tururi. Saboda haka gubar da ke shiga jikin maigidanki yau ta yi ƙasa sosai da wadda take shiga bara, kuma raguwar tarin da kika gani da idonki ba ruɗi ba ce.

Amma kada ki ɗauka ruwan sha ne. A 2015 hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila ta ce illarsa ta gaza ta sigari da kusan kashi 95 cikin 100, masana da yawa kuma suka ƙalubalanci wannan adadin, har yau ana jayayya a kansa. Na'urar ma gaba ɗayanta sabuwa ce. A 2003 wani mai harhaɗa magunguna a Chana, Hon Lik, ya ƙirƙiro irin wadda ake amfani da ita yanzu, shi kansa mashayin sigari ne wanda ciwon dajin huhu ya kashe mahaifinsa. Shekara 20 da 'yan kai ba su isa a ga abin da za ta yi wa huhun wanda ya yi shekara 40 yana zuƙa ba. Babban likitan gwamnatin Ingila, Chris Whitty, ya taƙaita matsayinsu da cewa mai shan sigari in ya koma na lantarki ya rage wa kansa haɗari ƙwarai, wanda ba ya shan sigari kuwa kada ya kusanci na lantarkin. Rabin farko na maganar na maigidanki ne, rabin ƙarshe na ɗanki.

Yanzu batun mangwaro. Ni na yarda da abin da maigidanki ya faɗa miki, kuma ina so ke ma ki yarda da shi, domin mutane da yawa da suka bar sigari haka suke faɗa. Wanda ya daina shan hayaƙi, cikin 'yan kwanaki harshensa da hancinsa suna farfaɗowa. Ɗanɗanon taba na lantarki ba ya kai na sigarin gaske gamsarwa, sai dai ya tuna masa da shi, ya ta da masa tsohon tsumi. Na 'ya'yan itace kuwa yana nesanta shi da wancan ɗanɗanon, har ya kai in ya ji warin sigari a jikin wani ya ji ƙyama. An yi wani gwaji a Ingila da aka fitar da sakamakonsa a 2019, da mashaya 886 masu son bari. An ba rabinsu sigarin lantarki, rabi kuma aka ba su cingam da filastar nikotin da makamantansu. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin 100 na masu na lantarki ba su koma wa sigari ba, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 10 ne. Da mai ɗanɗanon taba aka fara ba su, aka ce kowa ya nemi wanda ya yi masa, da yawansu kuma suka koma na 'ya'yan itace da na'a-na'a. Wani nazari na Jami'ar Yale ta Amurka a 2020 ma ya gano cewa manyan da ke zuƙar mai ɗanɗanon da ba na taba ba sun fi masu na taba yawan barin sigari. Irin wannan nazarin alaƙa yake nunawa, bai yanke cewa ɗanɗanon shi kaɗai ne dalili ba, amma ya isa ki gane cewa mijinki ba dabara yake yi miki ba.

Akwai wani adadi a cikin gwajin na Ingila da nake so ki riƙe. Cikin waɗanda suka bar sigari ta hanyar na lantarki, kashi 80 cikin 100 suna nan suna zuƙarsa bayan shekara guda. Wato sun rabu da hayaƙi, ba su rabu da nikotin ba. A nan maigidanki yake tsaye yau. Ya yi babban ƙoƙari, amma da sauran tafiya.

Maganar da ya yi cewa kada ki yi kuka in ya koma gidan jiya, na san ta yi miki ciwo, kuma bai kyautu ya ɗora miki alhakin lafiyarsa ba. Amma in kin saurara da kyau, tsoro ne yake magana da bakinsa. Mutumin da ya sha gwada bari yana faɗuwa, karo na farko ya samu wata bakwai a jere, sai aka ce ya saki abin da ya dogara da shi. Ki ɗauki maganar a matsayin kukan neman agaji.

To ɗanki fa? A wajensa ɗanɗanon nan aikinsa dabam ne, kuma a nan nake so mu daɗe. Duk wanda ya taɓa zuƙar karan sigari na farko zai gaya miki ya ƙware, ya yi tari, maƙogwaro ya yi masa zafi, kansa ya juya. Wannan wahalar ta farko ta kori yara masu yawa tun daga bakin ƙofa. Sigarin lantarki na zamani ya kawar da ita. An sarrafa nikotin ɗin yadda ba ya ƙona maƙogwaro ko da yana da ƙarfi, an zuba masa zaƙi, an ƙara wani sinadari mai sa sanyi a baki kamar an tsotsi ƙanƙara. Kin san yadda ake sa wa maganin zazzaɓin yara zaƙi don ɗacin ya wuce ba tare da sun tofar ba, to haka ne, sai dai abin da ake wucewa da shi a nan nikotin ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce akwai aƙalla ɗanɗano iri 16,000 a kasuwa, da sunayen alewa da lemo da askirim, a cikin robobi masu launi kamar kayan wasa. Babu wanda zai ce an yi wannan duka don magidanci mai shekara 40 da ke son barin sigari. Autarki da ta ce "alewar Baba" ta gane abin da masu ƙera shi suke nufi.

Amurka ta riga mu ganin wannan. Wani kamfani mai suna Juul ya fito da 'yar siririyar na'ura mai ɗanɗanon mangwaro da na'a-na'a da sauransu, cikin 'yan shekaru ta mamaye makarantu. A 2019 kashi 27.5 cikin 100 na ɗaliban babbar sakandare a ƙasar suna zuƙar sigarin lantarki, fiye da ɗalibi ɗaya cikin kowane huɗu. Kamfanin ya janye mangwaron, hukuma ta ɗaga shekarun saye zuwa 21, a farkon 2020 kuma ta hana sayar da irin wannan na'urar mai ɗanɗano in ban da na taba da na mentol. Sai 'yan kasuwa suka ɓullo da irin wanda ake sha a yar, wanda umarnin bai taɓa ba, yara suka koma can. Adadin ya sauko sosai daga baya, amma ko a 2024 kusan tara cikin goma na ɗaliban da ke sha mai ɗanɗano suke sha. Ingila, wadda har kyauta take raba wa manya masu son barin sigari na'urar, ta haramta irin ta sha-ka-yar daga 1 ga Yuni, 2025, kuma kare yara na cikin dalilanta. Chana kanta, inda ake ƙera mafi yawansu a birnin Shenzhen, tun Oktoban 2022 ta hana sayar da kowane ɗanɗano a cikin gida sai na taba, amma na fitarwa waje ba a hana ba. Abin da suka hana 'ya'yansu shi ne ake loda wa jirgi a kawo wa namu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kira a haramta ɗanɗanon gaba ɗaya, wasu masanan kuma suna gargaɗin cewa haramcin kai-tsaye yana mayar da wasu manya ga sigari. Gardamar da ta raba kan gwamnatoci ita ce ta shigo falonki.

"Ƙamshi ne kawai" ba gaskiya ba ce, ko da yake mai yiwuwa shi yaron ya yarda da hakan har zuciyarsa. Ɗauko na'urar da kika tsinta ki duba jikinta. In kin ga an rubuta 5%, ma'anarsa miligiram 50 na nikotin a kowace mililita ta ruwan, alhali a Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ba ta yarda a wuce 20 ba. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma nikotin ya fi saurin kama ta matashi, yana taɓa natsuwa da riƙe karatu da saurin fushi. Shi kansa ƙamshin ba a wanke shi ba. Yawancin sinadaran an amince da su ne don a ci, ciki ya sarrafa, ba don a ɗumama a shaƙa cikin huhu ba. Akwai ɗaya mai ba da ɗanɗanon man shanu, dayasetil, wanda ya lalata huhun ma'aikata a masana'antun gugguru a Amurka, har Ingila ta hana sa shi a ruwan sigarin lantarki tun 2016. Wanda aka saya a shagon lungu ko ta Instagram, wa ya auna abin da ke cikinsa? A 2023 an gwada wasu da aka ƙwace a hannun ɗalibai a wata makaranta a Ingila aka samu dalma da wasu ƙarafa fiye da kima. A 2024 masu bincike na Jami'ar Bath suka gwada kusan 600 da aka ƙwace a makarantu, ɗaya cikin shida yana ɗauke da wani sinadari mai bugarwa da ake haɗawa ya kwaikwayi wiwi. Ban faɗi haka don in ce ɗanki ya shiga shaye-shaye ba, na faɗa ne don ki san dalilin da ya sa tambayar "a ina ka samu" take da nauyi.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki nemi maigidan a lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun kwanta, ki fara da abin da bai taɓa ji daga bakinki ba tun da rigimar nan ta tashi: ki yaba masa. Ki ce kin ga ƙoƙarinsa, kin janye maganar ya yar da na'urar yau, ba kya son ya sake taɓa sigari har abada. Daga nan sai ki nemi abin da yake haƙƙinki da na yara. Kada ya sake zuƙa a cikin gida, ko a mota da yara, ko a inda za su gan shi. Na'urar da ruwanta su zauna a kulle, a durowar da makullinta ke aljihunsa ko a wajen sana'arsa. Wannan ba ya cikin abin da za a yi ciniki a kai, saboda ruwan nikotin guba ne ga ƙaramar yarinya, kuma mai ƙamshin mangwaro ba za ta yi shakkar kai shi baki ba. In, Allah Ya kiyaye, ta taɓa sha, kada ki tsaya ba ta manja ko madara ko ki sa mata yatsa ta yi amai. Ki ɗauke ta da robar ku tafi asibiti nan take.

Sai ki tambaye shi tsakani da Allah ko yana ɗan taɓa sigari a waje. Mutane da yawa suna haɗa biyun, na lantarki a gida, kara ɗaya ko biyu a majalisa, suna ganin sun rage. Wani babban nazari da aka fitar a 2018 ya nuna cewa kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciyar da mai shan 20 yake ciki. Ga mai hawan jini wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amfanin na lantarki yana samuwa ne in an bar hayaƙi kwata-kwata.

Game da ɗanɗanon, ban ce ki matsa masa ya koma na taba ba, ya gwada ya ga inda ya nufa da shi. Akwai tsaka-tsaki. In irin mai launi ta sha-ka-yar yake saye, ya canza zuwa wadda ake cikawa da ruwa, marar ado, daga wajen mai sayarwa sananne. Ba ta ɗaukar idon yara, kuma ita ce za ta ba shi damar sauko da ƙarfin nikotin mataki-mataki, daga 20 zuwa 12, zuwa 6, zuwa 3, yana ɗaukar makonni a kowane mataki. Zai iya gwada na'a-na'a, wanda ƙamshinsa bai kai na alewa jan yaro ba, ba tare da ya jefar da mangwaron ba tukuna. In ya karɓe shi, madalla. In ya ji sigari na kiransa, ya koma wa mangwaronsa a bayan idon yara. Gara wannan sau dubu da kwalin sigari.

Ku koma wajen likitan da ke duba jininsa, ki raka shi in zai yarda, ya gaya masa gaskiyar abin da yake zuƙa da ƙarfinsa, domin nikotin yana ɗaga bugun zuciya da jini ko daga ina ya fito. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan magungunan barin taba: cingam da filastar nikotin, da ƙwayoyin baraniklin, da bufrofiyon, da sitisin, tare da shawarwarin ma'aikacin lafiya. Likita ne zai san wanda ya dace da shi da wanda ake samu a kusa, kada ya saya a kemis da ka. Waɗannan su ne za su taimaka masa ranar da zai ajiye na'urar ita ma. Ku sa wa wannan ranar lokaci tare, shi ya zaɓa, ke ki tuna masa cikin taushi. Tun da dama yana iya kame baki daga asuba zuwa magariba, azumi mai zuwa wuri ne mai kyau na sauka mataki na ƙarshe. Ki ba shi wannan albishir: binciken da aka yi shekara 50 ana bin likitocin Birtaniya masu shan taba ya nuna wanda ya bari yana ɗan 40 yana ƙwato kusan shekara 9 na abin da sigari ke ragewa a tsawon rai, mai 50 kuma kusan 6. In kuma wata rana ya zame ya sha kara, kada ki mai da abin gori. Washegari a ɗora daga inda aka tsaya.

Shi kuwa yaron, nasa bari ne yanzu, babu mataki-mataki da na'ura a hannu, domin ba shi da sigarin da yake gudu. Kuma tun da da uban ya kafa hujja, uban ne ya kamata ya warware ta. Ki roƙi maigidan ya zaunar da shi su biyu, ba da tsawa ba. Ya gaya masa yana ɗan shekara nawa ya fara, nawa ya ƙona na kuɗi, sau nawa ya yi rantsuwar bari ya kasa, yadda yake tashi da tari, da cewa wannan abin da yake gani a hannunsa jinya ce yake yi, ba gayu ba. Uba Bahaushe ba ya son buɗe rauninsa gaban ɗansa, na sani, amma wannan zaman zai yi abin da bulala goma ba za ta yi ba. Duka zai koya wa yaron iya ɓoyewa ne kawai, kuma abin da ba ya barin wari a jiki yana da sauƙin ɓoyewa.

Ke kuma ki bi shi da tambaya cikin natsuwa. Tun yaushe? Kullum ne ko sai an haɗu da abokai? Yana zuƙa da ya tashi daga barci? Yana jin ƙunci in ya wuni bai samu ba? Wa ya fara ba shi, a ina ake saye, da wane kuɗi? In na 'yan makonni ne na bin abokai, ƙwace na'urar da sa ido da rage kuɗin tara zuwa abin da zai ci kawai na iya wadatarwa. In kuwa amsoshin sun nuna ya kamu, ki shirya wa kwanaki masu wuya: fushi, ciwon kai, rashin barci, kasa mai da hankali. Sun fi tsanani a kwana ukun farko, suna lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu. Ki gaya masa tun kafin su zo, don ya san ba lalacewa ya yi ba, jiki ne yake neman abin da ya saba. Ki cika masa lokaci da ƙwallo da islamiyya da aike, ki ajiye masa cingam ko aya ko dabino na motsa baki. In abin ya fi ƙarfinku ku kai shi wajen likita, ba abin kunya ba ne. In ya yi ƙorafin ciwon ƙirji ko numfashi na yi masa wuya, wannan na asibiti ne a ranar. Ki kuma kula kada ya sauya da shisha yana ganin ta fi sauƙi. Ita taba ce ake ƙonawa da gawayi, ƙamshin tuffa da inibin da ke cikinta aikin da kankanar nan take yi shi yake yi.

Da wuya a ce ɗanki shi kaɗai ne a ajinsu. Ki sanar da shugaban makarantar a asirce, ki nemi kada a tozarta yaron a gaban taro, ki kuma yi magana da iyayen abokansa da kika yarda da su. Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba taba, kuma mai shagon da ke miƙa wa yaro mai kayan makaranta nikotin ba shi da abin faɗa a gaban mai unguwa. Yayanki ma a nan zai yi amfani. Maimakon ya shiga tsakaninki da mijinki, ya ja ɗan ƙanwarsa a jiki, kawu yana jin abin da uwa ba ta ji.

In maigidan ya ƙi yarda ya daina zuƙa a gaban yara, to a nan ne za ki nemi wanda yake jin nauyinsa, Hajiyarsa ko aminin nan da ya ba shi na'urar ko limamin unguwa. Ki bayyana musu abin da kike nema dalla-dalla, don kada su je su ce masa ya yar da komai su ɓata miki shiri. Malamai da yawa sun haramta taba, wasu sun karhanta, kuma ƙa'idar da suke kafa hujja da ita ita ce kada mutum ya cutu, kada ya cutar. Ba na jin akwai uban da za a tuna masa da wannan a kan 'yarsa mai shekara 4 ya toshe kunne.

Kada ki zauna kina tuhumar kanki cewa kin yi sakaci. Kin gano da wuri, kin kuma yi magana. Yau da daddare ki fara da makullin durowa da yaba wa maigidan, zaman uba da ɗa ya biyo baya kafin mako ya fita, ganin likita kuma cikin watan nan. Bayan wata guda ki sake rubuto mini ki gaya mini ƙarfin nikotin ɗin da maigidan yake kai da yadda yaron yake barci da karatu, sai mu san mataki na gaba. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya tsare miki yaran.